An ce lakol kyauta ce, to mi ya sa kullum biya muke?

Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nike nema. Ɗiyana huɗu duk lakol ta gwamnati suke nan Maradi, uku firamare, babbar tana CEG, wato ƙaramar sakandare. Ana ta cewa karatu kyauta ne amma tunda aka koma hutu kuɗɗi kawai nike fiddawa, kaye, bik, allo, ga kuɗɗin COGES, kwamitin iyaye da malamai mai kula da lakol, yanzu kuma an ce kowa ya kawo na zana da icce za a ƙara aji. Maigida ya ce gara mu maida babbar pirive, lakol mai zaman kanta, tunda nan ɗin ma biya muke, ni ko tsorona kar mu fara mu kasa. Ku da kuka riga mu ya kuka yi?

Wani malamin firamare: Hajiya kyautar da ake nufi ita ce gwamnati ke biyan malami ta gina aji, ba a amsar kuɗɗin wata hannunki. Amma yara sun fi azuzuwa da tebura yawa, kayan aiki kuma su makara ko su zo kaɗan, to duk inda kuɗɗin gwamnati suka tsaya daga nan aljihun iyaye ke ɗauka. COGES ta iyaye ce, ki je taro ki ce a karanto abin da aka tara da inda ya tafi, haƙƙinki ne.

Wata uwa: Ni maganar zana ce ta tada mini hankali wallahi, ba mu manta gobarar Nuwamba 2021 ba da ta cinye yara sama da 20 cikin ajin zana a garin nan. In haɗa kuɗɗi za ku yi ku dage a yi na bulo ko da aji guda ne a shekara.

Wani dattijo: 'Yata, pirive ba biyan farko ne wuya ba, na biyu da na uku ne, ranar da babu sai a koro yarinya gida kuma ƙannenta uku na tafe. Ki bar ta inda take, ki saya mata littattafan lissafi da Faransanci, ku haɗu gida uku ku ɗauki malamin maraice, shekarar BEPC, jarabawar gama CEG, ku ƙara ƙarfi.

Mai tambaya: Na gode Baba, Allah ya saka. Malam, shi taron COGES ɗin mata na iya zuwa ko sai maigida?

Malamin: Ki zo Hajiya, har ƙungiyar uwaye mata akwai, AME, ki tambayi darakta ranar zamansu.