Mashigin teku mai igwa a wasan yaƙi, a rufe shi ruf ko a bar ƙofa?

Sadik_Garwa:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ni da abokaina mun zana taswira a kan kwali muna buga wasan yaƙi da ƙwayar ludo, yawanci da dare in an ɗauke kuran. Jiya musu ya kaure, ɗaya ya riƙe Dardanel, mashigin tekun nan na Turkiyya, ya gina ganuwa da igwa gefe biyu, ni kuma na zo da jiragen ruwa takwas ya ce wai ko ɗaya ba zai wuce ba sai na ci ƙasar tukuna. Wallahi abin ya tsaya min a rai. Wace doka ce daidai?

Abakar_Njamena:
Wa alaikumus salam. Abokinka yana da hujja fa. Ranar 18 ga Maris 1915 Ingila da Faransa sun gwada kutsawa Dardanel da ƙarfi, manyan jirage uku suka nutse rana guda har da Bouvet na Faransa, dole suka ja da baya suka sauke sojoji a Galifoli, ƙasar da ke bakin mashigin, cikin Afrilu. Amma lura, nakiyoyin da Turkawa suka dasa a ruwa su suka yi ɓarnar, igwa aikinta hana masu kwashe nakiya sakat. To ku raba su biyu, wanda ya gina igwa bai sayi nakiya ba kar a ba shi cikakken ƙarfi.

Hamadu_Marwa:
Malam Abakar na yarda da batun nakiya amma rufewa ruf ban yarda ba sam, yana kashe daɗin wasa. A Fabrairun 1942 jiragen yaƙin Jamus Scharnhorst da Gneisenau sun ratsa mashigin tekun da ke tsakanin Ingila da Faransa ta gaban garin Doba na Ingila ido na ganin ido kuma suka isa gida, duk da nakiya ta taɓa su a hanya. Ku bar mutum ya yi kasada, kowane jirgi a jefa masa ƙwaya, 1 ko 2 ya nutse, 3 ko 4 ya wuce da rauni, sauran lafiya lau. In mashigin matsattse ne kamar Bosforus na Istanbul a jefa sau biyu.

Zara_Kuseri:
Ku dai kar ku manta abinci da mai. Jirgin yaƙi ya kutsa mun ji, to jirgin kaya fa da ba shi da sulke? Ni zan sa duk wanda ya wuce ƙarfinsa ya dinga raguwa kowane zagaye har sai an ci ganuwar.

Sadik_Garwa:
Na gode ƙwarai, yaya Zara wannan bai zo min a rai ba ko kaɗan. Daren Asabar za mu gwada da jifa biyu, in shaa Allah zan dawo in faɗa muku jirage nawa suka tsira.