Wa ke da iko da allo idan babu direba?

Injiniya Bashir: Salamu alaikum jama'a. Ni dai ra'ayina, motar haya marar direba wajibi ne ta san fasinjanta. Jiya na hau motar kamfanin Waymo a birnin Finiks na Amurka, inda suke ɗaukar mutane ba direba tun 2020. Tun daga nesa na hango harufan farko na sunana suna haskawa a kan rufinta. Na buɗe ƙofa da wayata, na taɓa allo, ta tashi. Abin da nake so nan gaba, ina zama ta gaishe ni da Hausa, ta saka mini karatun da na tsaya a kai jiya.

Hajiya Rabi: Injiniya, ai kai kaɗai ne a ciki shi ya sa ta yi maka daɗi. Ranar da za a haɗa ka da baƙi uku fa? Dubi Zoox ta kamfanin Amazon da ta fara aiki a Las Begas a 2025: ba sitiyari, kujeru huɗu, biyu na fuskantar biyu. Kana son karatu, na gabanka na son kiɗa. A tasi, direba ne alƙali, ka ce masa rage rediyo ya rage. A nan wa za ka faɗa wa?

Injiniya Bashir: Kowa da ƙaramin allonsa a gefen kujera, Hajiya, sanyi ma kowa ya daidaita nasa.

Hajiya Rabi: Allon ne ma damuwata. Ina zaune da dare, guiwata na kusa da ta namijin da ban sani ba, ga sunana da unguwar da zan sauka suna haskawa a gabansa. Wallahi ba zan so 'yata ta shiga irin wannan ba.

Malam Auwalu: Maganar Hajiya na da ƙarfi. Mu tuna dalilin da ya kawo A Daidaita Sahu Kano zamanin Shekarau, don mata su samu abin hawa cikin mutunci ne. Kafin zaɓen waƙa, a ba mace damar zaɓar wanda za ta zauna da shi, maɓallin kiran agaji kuma ya kasance inda hannunta zai kai.

Injiniya Bashir: To Malam, kafin motar ta haɗa mace da mata sai ta san wacece mace. Ka ga an dawo kan maganata.

Hajiya Rabi: Ta sani a wayata, ban ƙi ba. Kada dai ta rubuta a inda maƙwabcin kujerata zai karanta.