Neman shawara: wace kariya, wato ƙarfen ɗaukar keke, zan ɗaura a bayan Prado don hanyar Mambila?

Mai Prado, Jos:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a wannan harka. Motata Prado ce ƙirar 120, irin mai safaya taya manne a ƙofar baya. Ni da babban ɗana muna da kekunan hawan dutse guda biyu, nawa kilo 14, nasa kilo 15. Idan duwatsun Shere za mu je babu damuwa, sai in kwantar da kujeru, in cire tayoyin gaba, in cusa su ciki. To amma a Disamba muna so mu tafi Mambila da iyali gaba ɗaya, mu biyar da kayanmu, mu yada zango a Serti mu leƙa Gashaka, sannan mu hau dutse zuwa Gembu. Ciki babu wurin keke.

Bara na sayi wata kariya mai araha da ake ɗaurewa da bel a jikin safaya. A hanyar burji bel ɗaya ya tsinke, keken yaro ya zame, feda ta kankare fentin ƙofa, Allah ne ya kiyaye bai faɗi gaban mai babur ba. Tun ranar na ajiye ta. Wanda ya sayar mini da motar ya bar ƙarfen ja, wato na jan tirela, a ƙarƙashin bamba, mai rami kusurwa huɗu. Ɗan yayata zai zo daga Amurka a Nuwamba, ya ce in faɗa masa wadda nake so. Na ga iri biyu: wadda ake rataye keke a kan hannuwa biyu, da mai faranti wadda tayoyi ke zama a kai. Wacce za ta jure gargada? Kuma ya zan yi da safayar nan da ƙofar da ke buɗewa gefe?

Baban ƙungiya, Kaduna:

Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin ka kira ɗan yayarka, ɗauki tef ka kwanta ƙarƙashin motar. Auna cikin ramin. A Amurka girma biyu aka fi yi wa kariya, inci 1.25 da inci 2. Don irin tafiyarka kada ka ko kalli ƙaramin, sai mai inci 2, wato santimita 5 da ɗan kai. Na biyu, bi ƙarfen da ido ka ga inda ya ƙare. In da manyan notuna aka ɗaure shi a jikin shasi dama da hagu, madalla. In wani ne ya ɗiga masa walda a jikin bamba, to ado ne.

Batun iri biyun, ka manta da ta rataya. A kwalta tana yi, tana da sauƙin nauyi da kuɗi. A gargada kekuna lilo suke yi, wannan ya doki wancan, kafin ka isa Bali ka tarar da sifoki ya lanƙwashe ko wayar birki ta goge. Kuma gangar keken dutse ba a miƙe take ba, da ƙyar take zama daidai a kan hannuwan. Mai faranti ta tayoyi take riƙewa, kowane keke da gurbinsa.

Injiniya, Abuja:

Baba ya gama magana kan iri. Ni safayar nan ce ta dame ni, don nan mutane ke yin kuskure. Da an ga kariya ta ƙi wuce taya, sai a sayo guntun ƙarfe na ƙarin tsawo a jona. Yaya, ɗauki bokitin ruwa ka riƙe shi jikin cinyarka, sannan ka miƙa hannu gaba da shi. Ruwan bai ƙaru ba, amma kafaɗarka za ta gaya maka. Haka yake ga ƙarfen ja. Shi ya sa masu ƙera waɗannan guntaye galibi suke rubutawa cewa in ka jona, ka raba nauyin da aka yarje wa ƙarfen biyu.

Yi lissafinka: kekuna kilo 29, kariya mai faranti ta kekuna biyu kamar kilo 21 zuwa 25, ka kai 50 zuwa 54 ke nan. A tsaye wannan ba komai ba ne. Amma duk sanda tayar baya ta faɗa rami ta fito, nauyin nan yakan daki ƙarfen kamar guduma, kuma ba sau ɗaya ba, yini guda ake yi. Duba jikin ƙarfen, akan buga ƙaramin faranti mai lamba biyu, ɗaya na abin da zai ja, ɗaya na abin da zai danne shi daga sama. Na biyun ne naka. In babu faranti sam, ka nuna wa wanda ya san aikin kafin ka ɗora masa komai.

Sannan kowace mahaɗa wurin girgiza ce. Ramin ya ɗan fi sandar da ke shiga cikinsa faɗi, wasan milimita biyu a nan sai ya zama kaɗawar tafin hannu a can ƙarshen keke. Kariyoyi masu kyau suna da abin matsewa daga ciki. In ka jona guntu, shi ma sai ka sa masa maƙalar ƙarfe mai siffar U da notuna biyu. Ka tafi da sifana a aljihun ƙofa.

'Yar uwa, Colorado:

Sannu Yaya. Ni da maigida mota ƙirar 4Runner muke da ita, mukan je Moab a jihar Utah, hanyoyin can duwatsu ne da rairayi. Abin da zan ƙara: ka sa ɗan yayarka ya karanta takardar garanti kafin ya biya. Kariyoyi da yawa, har masu tsada, an rubuta ba don barin kwalta aka yi su ba. Mu mai faranti ta kamfanin 1UP muke amfani da ita. Alminiyam ce kusan duka, babu roba mai yawa da rana za ta cinye, hannuwa biyu ke kama tayoyi ba sa taɓa ganga, kuma da notuna aka haɗa ta, abin da ya lalace shi kaɗai za ka canza. Farantin baya ya ɗara na gaba tsawo kamar matakala, wannan yana taimakawa wurin gangara. Kuat NV da Thule T2 su ma nagari ne, maƙwabtanmu na da su.

Game da ƙofa, yawancin kariyoyi suna sunkuyawa ƙasa don a buɗe but, amma don ƙofar da ke ɗagawa sama aka yi hakan. Taka gefe take buɗewa da taya a jikinta, sunkuyon ba zai ishe ta ba. Akwai hannu mai juyawa kamar ƙyauren gida, irin Kuat Pivot ko Yakima BackSwing, yana ɗauke kariyar da kekunan zuwa gefe. Yana da daɗi ƙwarai, sai dai shi kansa ƙarfe ne mai nauyi, kuma yana ƙara tsawo, ka ga mun koma kan maganar Injiniya. Kuma ka tuna jakar jirgi kilo 23 ce a yawancin tikiti. Kariya da kwalinta za ta wuce, sai dai ya biya kuɗin ƙari ko ya turo ta jirgin ruwa tun yanzu.

Direba, ƙaramar hukumar Sardauna:

Alhaji, hanyar nan nake bi kusan kowane mako. Hawan dutsen daga Mayo Selbe zuwa Maisamari kwana-kwana ne da ramuka, a hankali za ka wuce. Inda nake ji maka shi ne cikin Gashaka. Akwai rafuka da ake gangarawa a haura, gaban mota na ɗagawa gindinta na sauka. Hilux ma da babu komai a bayanta wani lokaci takan goga ƙasa. Ƙara mata ƙarfe mita ɗaya a baya, ka san abin da zai fara taɓawa. In ka zo irin wurin nan, sauke kekunan, yaro ya tura su ya haye, ka naɗe kariyar sama. Minti biyar ne.

Ga ƙura kuma. Disamba hunturu ne, bayan mota nan jar ƙasa ke taruwa. Kada ka shafa wa sarƙa mai kafin tafiya, sai kun isa kun goge. Duba bakin salansa, in yana hura tayar keke kai tsaye zai narka ta. Lambar motarka kuma, in kekuna sun rufe ta, jami'an hanya za su tsayar da kai tun kafin Jalingo.

Mai Hilux, Zariya:

Ni dai ban ga dalilin kashe dala ba. Kai wa masu walda a Panteka hoto, su ƙera maka daidai motarka, su ɗaga ta sama yadda ba za ta goga ƙasa ba.

Injiniya, Abuja:

Malam, ban raina aikinsu ba, na ga abin mamaki daga hannunsu. Amma in za a yi haka, sandar da ke shiga ramin ta zama bututu mai kauri, kuma a sa ƙarfen tallafi a kusurwar da take lanƙwasa sama, nan take fara tsagewa. A gwada ta da buhun siminti, kilo 50, a kan burji kafin a ɗora keke.

Mai Prado, Jos:

Allah ya saka da alheri, na ji daɗi sosai. Na kwanta ƙarƙashinta da asuba kamar yadda Baba ya ce. Ramin inci 2 ne, notuna uku-uku a jikin shasi, guda ɗaya ya saki na ɗaure shi. Daga ramin fil ɗin da ke riƙe sandar kariya zuwa fuskar safaya santimita 27. Na tura wa ɗan yayata wannan awon ya tambayi masu shagon ko mai farantin za ta wuce ba tare da guntu ba. Hannu mai juyawa na haƙura da shi, za mu riƙa ɗaukar abin buƙata ta kujerar tsakiya. In ta ƙi wucewa, tunanina in ɗaure safayar a saman mota don wannan tafiyar kaɗai. Direba, kai da ka san kwana-kwanar nan, taya ɗaya a sama za ta sa motar ta riƙa rinjaya?