La'ada ko kyauta: wa zai riƙe kasuwar ayyukanmu?

Sakatare: Assalamu alaikum. Magana ɗaya ta rage kafin zaman Asabar. Kasuwar da muke shirin buɗewa a intanet, inda mai buƙata ta musamman zai tallata sana'arsa a ba shi aiki, ko zane ko fassara ko ɗinki ko buga takardu, da me za ta rayu? Baba Mai Walda ya ce kada a cire wa kowa ko sisi daga kuɗin aikinsa, masu tallafi su ɗauki nauyin komai. Bismillah.

Baba Mai Walda: Wa alaikumus salam. Ina nan a kan bakana. Gurgu in zai hau Adaidaita, kuɗin mutum biyu yake biya, nasa da na kekensa. Kurma sai ya nemo mai yi masa tafinta. Wannan ɗawainiya mai lafiya bai san da ita ba. Sannan mu 'yan'uwansa mu zo mu yanki wani abu a guminsa? Da wane ido?

Malam Akawu: Allah ya ƙara girma, Baba, amma mu ɗan buga lissafi. Fiverr, wata kasuwar ayyuka ta intanet irin wadda muke shiri, kashi 20 cikin 100 take cirewa daga hannun mai sana'a. Aikin naira 20,000, dubu huɗu sun tafi. Ba wanda ya ce mu yi haka. Sai dai kyautar ma ba kyauta ba ce. Paystack kaɗai, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet, in da shi za mu karɓi kuɗi, yana ɗaukar kashi 1.5 da ƙarin naira 100, wato naira 400 a kan wannan aikin, ko mun so ko mun ƙi. Ga kuɗin ajiye shafin, wanda galibi da dala ake biya. Ga albashin wanda zai raba gardama ranar da mai sana'a ya ce ya gama, mai kuɗi ya ce ba haka ya ce a yi ba. Ni kashi 10 nake gani.

Baba Mai Walda: To ai shi ya sa na ce tallafi.

Mai Fassara: Baba, ka yi haƙuri in shigo. Kowa ya ga abin da ya faru a watan Janairun 2025, da gwamnatin Amurka ta dakatar da kuɗin USAID, hukumarta ta ba da tallafi a ƙasashen waje. Ayyukan da aka shekara ana yi a Arewa suka tsaya cak, ma'aikata suka koma gida. Ni makauniya ce, da manhajar NVDA nake karanta kwamfuta, da manhajar TalkBack nake karanta waya. In na saba da shafi, na tara abokan hulɗa a kai, rana ɗaya aka rufe shi don mai ba da kuɗi ya sauya shawara, asarata ta fi kashi 10 nesa ba kusa ba. A karɓi tallafi, amma a kashe shi a kan abin da ake yi sau ɗaya: gina shafin da manhajar makafi za ta iya karantawa, bidiyon bayani da yaren kurame, horo, na'ura. Kuɗin yau da gobe kuwa kasuwa ta ciyar da kanta.

Hajiya Tela: Ƙanwata kin faɗi rabin nawa. Sauran rabin shi ne farashi. Mai saye da ya ji an ce shafin taimako ne, da ido biyu yake zuwa: ko ya ba ka kuɗi don tausayi bai damu da aikin ba, kuma ba zai dawo ba, ko ya taya maka rabin kuɗi, wai ai ya taimake ka da ya kawo maka. Na ga duka biyun a kan keken ɗinkina. Dillali a kara la'adarsa yake karɓa, shi ya sa mai dabba ke iya tsare shi da magana in ya yi sakaci. Wanda bai karɓi komai a hannunka ba, godiya kawai yake binka. Ni a cire, amma a kafa ƙaramin farashin da ba wanda zai sauka ƙasa da shi.

Mai Zane: Anti, ƙaramin farashin nan ban yarda da shi ba. Sabon shiga da me zai ja mai saye in ba da sauƙin kuɗi ba? Ku da kuka yi suna ba zai dame ku ba. La'adar kuma me ya hana a ɗora wa mai saye ita?

Malam Akawu: Ɗora masa duka, aiki na biyu zai karɓi lambarka ku ƙarasa a WhatsApp. Abin da zai riƙe mutane shi ne amana: mai saye ya zuba kuɗi a hannun kasuwa, ba a sake su sai ya ga aiki, kai ma ba ka fara sai ka ga an zuba. Wannan ake biyan la'ada a kai. A raba ta, biyar nan biyar can.

Baba Mai Walda: Zakka fa? Akwai Hukumar Zakka da Hubusi a nan Kano.

Hajiya Tela: Baba, aya ta 60 ta Suratut Tauba mutum takwas ta lissafa, kuma nakasa ba ta cikinsu, talauci ne a ciki. Ba duk mai nakasa ne matalauci ba. Waƙafi ya fi kama da abin da kake nufi, shago ko gida da hayarsa za ta riƙa shigowa. A kai wa malamai maganar.

Mai Fassara: Ku kuma tuna da dokar hana nuna wa nakasassu wariya da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019. Ta ce hukumomin gwamnati su ware aƙalla kashi 5 na guraben aiki. Ba ta yi maganar aikin kwangila irin namu ba, amma ta ba mu bakin zuwa mu ce su kawo fassararsu da zanensu. Babban mai saye ɗaya ya fi min mai tallafi.

Sakatare: To ranar Asabar za a kaɗa ƙuri'a tsakanin kashi 10 da kyauta. Ƙaramin farashi mu bar shi sai wani zaman.

Mai Zane: A'a Yaya, a haɗa su. In an bar shi, manya za su yanke ba mu nan.

Baba Mai Walda: Akawu, rubuto min kuɗin riƙe shafin na wata guda, da albashin mai raba gardamar, kafin Juma'a. In bai fi ƙarfina ba zan zaga wurin attajirai da maganar waƙafin. Kuma ko an ci ni a ƙuri'a, ina roƙon a yafe wa sabon shiga la'adar ayyukansa uku na farko.