Wa ya taɓa gwada lissafin sashe a yaren kwamfuta na Prolog ko Haskell?

Mai buɗe zance: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina son kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa kan lissafin sashe, wato a ba shirin kwamfuta ɓangaren bayanan da aka riga aka sani, ya gama aikinsu tun yanzu, ya fitar da sabon shiri mai sauri. Ni da ƙaramin misali na fara, ɗaga x zuwa n. Da na tsayar da n a kan 5, kiran-kai, wato yadda shirin ke kiran kansa, ya ɓace, sai x·x·x·x·x kawai.

Ɗalibar digiri na biyu: Wa alaikumus salam Malam. Amfaninsa na gaske sai a kan tafinta, wato shirin da ke karanta wani shiri yana aiwatar da shi layi-layi. Na rubuta tafintan wani ɗan yare a Prolog, yana tafiyar hawainiya, domin kowane layi sai ya duba wane umarni ne kafin ya aiwatar. Na ba Logen, manhajar lissafin sashe ta Prolog, tafintan tare da shirin da zai fassara. Abin da ya fito babu wannan dube-duben, kamar kwamfaila, mai fassara shiri gaba ɗaya kafin a gudanar da shi, ce ta haɗa shi. A ranar na fahimci abin da Yoshihiko Futamura na Japan ya bayyana tun 1971, cewa lissafin sashe a kan tafinta yana yin aikin kwamfaila. Karatunsa a takarda daban, ganinsa a allonka daban, wallahi. Amma Logen sai an nuna masa wane kira zai warware, wato ya sa abin da ke cikin aikin a gurbin kiran, wane zai bari. Na yi kuskure a wuri ɗaya, ya yi ta warwarewa ba tsayawa har na kashe shi. Laifina ne.

Tsohon mai Prolog: Haka ne 'yata, tsayawa ita ce babbar matsala. Mixtus, manhaja irin Logen da Dan Sahlin ya rubuta, shi da kansa yake yanke shawara yayin aiki, ba ya jiran alamarka. Ni abin da ya dame ni kumburi. Shirina mai shafi biyu ya zama tuli, saurin kuwa da kyar aka ga bambanci, saboda yawancin bayanan ba a san su ba sai lokacin gudu.

Mai Haskell: Mu a GHC, kwamfailar Haskell, muna da ɗan uwan lissafin sashe, umarnin SPECIALIZE. Yana cire nauyin wucewa da ƙamus ɗin aji, wato jerin ayyukan da suka dace da kowane nau'in bayani. Na sa shi a madaukin lissafi ɗaya, kuma na auna kafin da bayan.

Mai buɗe zance: Yaya mai Prolog, da kumburin ya zo, rage warwarewa ka yi ko tsohon shirin ka koma?