Ba jabu ba ne, ba gwanjo ba ne: me za mu kira "aftermarket"?

Jama'a, ku taya ni neman suna. Masu sake wa motocin gudu fasali a garejin gidansu suna da kalmar "aftermarket", wato kayan da mutum ya sayo daga baya ya ɗaura wa motarsa, waɗanda ba da su ta fito daga masana'anta ba: rim, birki, salansa da sauransu. Na ga wani ya fassara ta da "bayan kasuwa". Haba! Bahaushe in ya ji bayan kasuwa, lungun da ake cinikin kayan sata ne zai faɗo masa a rai. Wasu kuma sun riga sun kawo mini nasu sunayen, zan bi su ɗaya bayan ɗaya.

Mu kafa misali ɗaya. Subaru BRZ da 'yar'uwarta Toyota 86 sun fito a 2012, ƙofa biyu, ba nauyi, ƙafafun baya ke tura su. A Japan da Amurka matasa kan saye su ne da niyyar kwancewa da sakewa, kuma da rim ake farawa. Na kamfani galibi inci 17 ne, faɗinsa inci 7. Sai mai mota ya cire shi ya sa wanda ya fi faɗi kuma ya fi sauƙin nauyi, daga nan ya koma kan birki. Sana'a ce guda, har baje kolinta ake yi duk shekara a Las Vegas, wanda ake kira SEMA, kuma tun 1967 aka fara shi a Los Angeles.

Oga, kai ka ce ai sunansa jabu, a wuce wurin. Na san inda ka dosa, don a kasuwanninmu duk abin da ba orijina ba kallon ɗan Taiwan ake masa. Amma dubi rim ɗin TE37 da kamfanin Rays na Japan ya fitar a 1996. Ƙira ce, ba zubi ba: ana danne alminiyom ne da injin matsa mai ƙarfin dubban tan har ya ɗauki siffa, shi ya sa mai inci 15 nauyinsa kilo 3.7 kacal, kuma daga nan ya samo lambar sunansa. Ƙafa huɗu na wannan rim sun fi na kamfani tsada nesa ba kusa ba. Jabu shi ne wanda aka narka aka zuba a mazubi, aka kwaikwayi ƙirar, aka manna masa tambarin Rays don a yaudari mai saye. In muka haɗa su a suna ɗaya, 'yan damfara muka yi wa aiki.

Ga abin da ya fi wannan. Brembo kamfanin birki ne na Italiya, tun 1961. A 2017 Subaru ta fara sayar da wani rukuni na BRZ a Amurka da birkin Brembo tun daga masana'anta. Wanda ya sayi wannan, birkinsa na asali ne. Maƙwabcinsa mai ta 2013 da ya sayo Brembo a kwali ya ɗaura da hannunsa, nasa "aftermarket" ne. Maƙeri ɗaya ne ya ƙera duka biyun. Ke nan kalmar ba ta zancen kyau ko muni. Tambayarta ɗaya ce: da shi motar ta fito, ko daga baya ya zo?

Gwanjo da ɗan Beljiyam ba sai mun daɗe a kansu ba. Rim ɗin da aka ciro daga wata mota a Turai ya sauka a Ladipo ko Ƙofar Ruwa tsoho ne, amma na kamfani ne.

Malam, ka kawo "kayan gyara". Allah ya ƙara basira, sai dai gyara na abin da ya lalace ne, wannan kuwa lafiyayyen rim ake cirewa a jingine a bango. "Kayan kwalliya" kuma ya ci rabi ya bar rabi. Rim kam akwai kwalliya a ciki, ba musu. Birki fa? Mutane na zaton babban birki shi ke sa mota ta tsaya nan take. A taku ɗaya taya ce ke yanke hukunci, don birkin kamfani ma yana iya kulle ƙafa. Amfanin babban faifai da kalifa mai fistan huɗu, wato ƙarfen da ke damƙe faifan birki, yana fitowa ne in ana taka birki a jere a filin tsere: zafi ya taru, fad ɗin da ke goga faifan ya fara sulɓi, man birki ya tafasa, sai ka ji feda ta nutse ba ta kama komai. Shi ya sa masu tsere suke zubar da man birki samfurin DOT 3, wanda sabonsa ke jure zafin digiri 205 kafin ya tafasa, su zuba DOT 4 mai jure 230. Ba a kiran wannan ado.

Wani yaron gareji ya ce a kira shi agola. Na yi dariya, amma a'a. Kalmar da za ta shiga jarida ba za ta zo da gori ba.

Ni abin da nake gani shi ne "kayan ɗori". Daga ɗora, wato a zo da abu a ɗora a kan wanda yake nan tun farko, kamar yadda muke cewa shekara goma da ɗoriya. Ba yabo a ciki, ba zagi. Kuma yana shiga baki: rim ɗin ɗori, birkin ɗori, motar duk ɗori ce. Wani ɗan'uwanmu na Damagaram ya ƙara mini ƙarfi, don ya tuna mana cewa a Faransanci tayar da mota ta fito da ita sunanta "première monte", ta baya kuma "seconde monte", wato hawan farko da hawa na biyu. Su ma ɗorawar suka duba.

Wani baba a cikinmu ya yi gyaran murya, ya ce ɗori na karaya ne. Gaskiya ne, ranka ya daɗe, amma ba wanda zai ji "birkin ɗori" ya tafi neman kara da tsumma. Hasali ma wannan ma'anar tana taimakonmu, don ɗorin da ba a daidaita ba gurgunta yake bari. BRZ ta farko noti biyar gare ta a kan da'ira mai faɗin milimita 100. Nissan 350Z ma noti biyar, amma nata 114.3 ne. A ido kamar ɗaya, sai ka ɗaga rim ka ga ramukan sun ƙi haɗuwa. Babbar kalifa kuma takan taɓa haƙarƙarin rim ta ciki, shi ya sa masu ƙera birki ke ba da zanen takarda, a yanke shi a kwali, a kifa rim a ƙasa a zura a ga ko akwai tazara kafin a biya kuɗi. Bayan an ɗaura birkin sai fitar da iska daga man birki, aikin mutum biyu: ɗaya a kujera, ɗaya a tsugune da sifana yana cewa taka, riƙe, saki, har kumfa ta daina fita. Mota kuma a tokare ta da ƙafafun ƙarfe na ɗaukar nauyi, ba a bar ta a kan jak kaɗai ba.

Saura kishiyar ɗori, wato kayan da mota ta fito da su. A kasuwa ana cewa "falo kom", wanda daga Burokan Inglishi muka aro. "Na asali" ya ishe mu, muddin ba a ɗauka cewa na ɗori jabu ne ba. To ga su uku, kowa da gurbinsa: na asali, na ɗori, jabu.

Wanda ya ce a nemo wa kalifa suna ita ma, ya yi haƙuri. Makanikai sun riga sun raɗa mata, kuma ba wanda ke rikicewa.