PAC da Super PAC: wace kalma za mu tsayar a Hausa?

Assalamu alaikum. Masu fassara labaran zaɓen Amurka, ku matso kusa mu tsayar da magana ɗaya kan PAC (Political Action Committee) da Super PAC, wato hanyoyin tara kuɗi da kashe su a zaɓe. Kowa da yadda yake juya su: wani ya ce "kwamitin ayyukan siyasa", wani "ƙungiyar magoya baya", wata Hajiya ta kawo "gidauniya", wani ya bar su da Turanci ya wuce. Mai sauraro kuwa sai ya tashi da fahimtar cewa a Amurka kamfani yana iya ɗibar ko nawa ya miƙa wa ɗan takara. Dokar ba haka ta ce ba, kuma gurguwar fassararmu tana cikin abin da ke jawo wannan ruɗani.

Sai mun san asalin abin kafin mu raɗa masa suna. Tun 1907, zamanin Theodore Roosevelt, dokar Tillman ta hana kamfanoni ba da kuɗinsu ga masu neman muƙaman tarayya. A 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya, majalisa ta shimfiɗa irin wannan hani kan ƙungiyoyin ƙwadago na ɗan lokaci, sannan dokar Taft-Hartley ta 1947 ta mai da shi na dindindin, duk da Shugaba Truman ya ƙi sa hannu.

'Yan ƙwadagon ne suka fara nemo ƙofa. A 1943 gamayyar ƙungiyoyin ƙwadago ta CIO ta kafa PAC na farko ƙarƙashin Sidney Hillman, don mara wa Franklin Roosevelt baya a zaɓen 1944. Dabarar ita ce, tunda an hana taɓa baitulmalin ƙungiya, a buɗe wani wuri daban da ma'aikaci zai jefa abin da ya sawwaƙa don raɗin kansa. Daga baya kamfanoni suka bi sahu, musamman bayan dokokin zaɓe na shekarun 1970.

Har gobe haka tsarin yake. Ma'aikaci yana biyan kuɗin ƙungiya na wata-wata, wannan hanyarsa daban. In yana son taimaka wa siyasar ƙungiyar, sai ya sa hannu a wata takarda cewa a riƙa cire 'yan daloli daga albashinsa zuwa wancan wurin. Ba a gauraya kuɗin biyu. Ƙungiya 'ya'yanta da iyalansu take roƙo; kamfani kuma manyan ma'aikatansa da masu hannun jari da iyalansu. Mutum ɗaya ba ya zuba fiye da dala 5,000 a shekara, kuma abin da ake miƙa wa ɗan takara daga ciki ba ya wuce dala 5,000 a kowane zaɓe.

Shi ya sa na ce mu kira PAC "asusun siyasa". Bahaushe ya san asusu: abu ne da ake keɓewa gefe guda, ana jefa kaɗan-kaɗan, ba a haɗa shi da kuɗin cefane. Ita kanta dokar, da take bayanin na kamfanoni da na ƙungiyoyin ƙwadago, keɓaɓɓen asusu ta kira shi. Sai mu ce asusun siyasa na ƙungiyar direbobi, asusun siyasa na kamfani kaza. Ya zauna a baki, ya zauna a kunne.

Malam da ya ce a bar "kwamitin ayyukan siyasa" tunda ita ce fassarar kalma da kalma: Allah ya gafarta Malam, ka gwada ta a kunnen mutumin Kano ko Maraɗi. Abin da zai zo masa shi ne kwamitin da jam'iyya ta naɗa ya shirya taro, ya raba huluna. Ba a jin ƙamshin kuɗi a cikinta ko kaɗan, alhali tara kuɗi da kashe su shi ne aikin gaba ɗaya.

"Ƙungiyar magoya baya" ma ba ta yi ba. Da yawa daga cikin tallan da waɗannan asusai ke saya na sukar abokin hamayya ne. Ban da haka, kalmar tana janyo hankali zuwa ƙungiyoyin da muka saba gani a gida, kuma dokar Najeriya daban take: sashe na 221 na tsarin mulkin 1999 ya hana duk wata ƙungiya da ba jam'iyya ba nema wa ɗan takara ƙuri'a ko zuba kuɗi a zaɓensa.

Hajiya, na ga "gidauniya" da kika kawo, kuma ta fi sauran kusa. Inda na ja baya shi ne, gidauniya a wurinmu ta marayu ce, ta ginin masallaci, ta waɗanda ambaliya ta shafa. Bai dace mu lulluɓe kuɗin neman iko da rigar sadaka ba.

Yanzu Super PAC, inda gizo ke saƙar. Ranar 21 ga Janairun 2010 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Citizens United, wadda ta taso daga wani fim na sukar Hillary Clinton. Alƙalai 5 suka rinjayi 4, Anthony Kennedy ya rubuta hukuncin, John Paul Stevens ya rubuta doguwar adawa. Kotun ta ce kamfani ko ƙungiyar ƙwadago na iya kashe ko nawa daga baitulmalinsu wajen tallata ko sukar ɗan takara, muddin ba da haɗin bakinsa ba. Hanin miƙa masa kuɗi hannu da hannu kuwa ba ta taɓa shi ba. A watan Maris na shekarar, kotun ɗaukaka ƙara a Washington, a shari'ar SpeechNow, ta cire iyakar abin da za a zuba wa asusun da irin wannan kashewa kaɗai yake yi. Daga nan aka haifi Super PAC.

Don haka "babban asusun siyasa" bai faɗi komai ba, domin ba girma ne ya raba su ba. Wani ɗan'uwa ya ce "asusu mai zaman kansa". Gaskiya ne a ƙarshen kowane talla ana rubuta sunan wanda ya biya, da cewa ba da izinin wani ɗan takara aka yi ba. Amma sau nawa aka ga tsofaffin hadiman ɗan takara su ne ke riƙe da asusun? In muka ce mai zaman kansa, mun ba da shaidar da ba mu da ikon bayarwa. Abin da babu gardama a kansa shi ne rashin iyaka. Ni dai "asusun siyasa mara iyaka" na zaɓa.

A takarda an daidaita kamfani da ƙungiyar ƙwadago, kuma dukansu sun shiga ta wannan ƙofa. Sai dai wanda ya fi cin moriyarta shi ne attajiri guda mai zurfin aljihu: a zaɓen 2024 Elon Musk shi kaɗai ya zuba fiye da dala miliyan 200 a wani asusu mara iyaka mai suna America PAC don Donald Trump. Ma'aikata nawa za a cire wa 'yan daloli kafin a kai nan?

Wani ya tambayi dark money, wato kuɗin zaɓe da ba a san ainihin masu bayar da shi ba. Don Allah kada mu ce "baƙin kuɗi". A rubuce za a ɗauka kuɗin baƙi ne 'yan wata ƙasa, wanda dokar Amurka ta haramta a zaɓen 'yan takara. Asusu mara iyaka dole ya bayyana wa FEC, hukumar da ke sa ido kan kuɗin zaɓen tarayya, masu ba shi, amma in ƙungiyar da ba ta neman riba ce ta bayar, sunanta kawai za a gani, ba na masu ba ta ba. "Kuɗin bayan fage" ya wadatar.

Ga yadda zai fito a labarai, ku karanta da ƙarfi ku ji ko harshe zai yi tuntuɓe: "Wani asusun siyasa mara iyaka, wanda doka ta hana shi miƙa wa ɗan takara kuɗi kai tsaye, ya sayi tallan talabijin a jihar Pennsylvania, kuma wani kaso na abin da ya tara kuɗin bayan fage ne."